Motar da Ta Kwana a Mashanyar Hamaya

Tun daga birnin Sendai Kohei yake cika mana kunne da zancen uban budurwarsa Chinatsu. Mu uku ne muka yi hayar motar yawo, irin mai gado da murhu da ɗan wurin wanke-wanke a cikinta, da sunan za mu zaga tsibirin Hokkaido kafin shekararmu ta ƙarshe a jami'a ta ƙare. Ni da Genta shan iska muka fito. Kohei kuwa duk tsaunuka da tafkunan da muka wuce ko a jikinsa, hankalinsa yana wani ƙauyen masunta a gaɓar Hidaka, inda Chinatsu ta koma tun farkon hutu don ta taya iyayenta aikin kombu, ganyen nan na teku da ake busarwa. Ya riga ya samu alkawarin aiki a wani kamfani, saura ya zauna gaban ubanta ya nemi aurenta. Baƙar kwat ɗinsa tana rataye a saman gadona cikin leda, duk lokacin da Genta ya karya kan mota sai ta mare ni a fuska.

"Sake gwadawa mu gani," in ji Genta, yana tuƙi yana leƙensa ta madubi. "Ni ne tsohon. To, kai yaro, me kake da shi ban da dogon wuya?"

Kohei ya miƙe a 'yar hanyar da ke tsakanin gado da murhu, ya sunkuya zai yi gaisuwa, goshinsa ya daki kabad.

"Shi ke nan, na ba ka ita," Genta ya ce. "Wanda zai fasa kansa saboda 'yata ai ba a hana shi."

"Fumika, ki ce ya bari," Kohei ya ce da ni, yana shafa goshi. Ban ce ba. Ni ma dariya nake yi har da hawaye.

Da yammacin washegari aka ce ya zo gidan, bayan an tashi daga aiki. Amma zumuɗinsa ya sa muka iso ƙauyen kwana guda kafin lokaci, rana na shirin faɗuwa, hazon teku ya lulluɓe ko'ina har ba ka ganin gidan da ke gabanka sai ka zo dab da shi. Na ce ya kira Chinatsu ta nuna mana inda za mu ajiye mota. Ya ƙi.

"In na kira, uwarta za ta ce dole sai ta dafa mana abinci. Mutanen da suke kwanciya da kaji? Haba. Ba zan fara da ɗora musu wahala ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban ja ba. Muka yi ta lallaɓawa a kan titin bakin teku, sai ga wani fili a hannun dama, shimfiɗe da tsakuwa mai kyau, ko tsinken ciyawa babu. Ba shinge, ba allo. Genta ya ce wannan ai gwamnati ce ta share wa irinmu. Kohei ya leƙa ya ce nan ya yi, da safe ma ya sha iskar teku ko gabansa ya rage faɗuwa. Genta ya kutsa da motar har tsakiyar filin. Muka gasa kifi a waje, maiƙo na ɗiga a ƙasa, muka ci muka ƙoshi. Da muka gama wanke kwanuka, Genta ya buɗe tankin ruwan datti ya bar shi ya tsiyaye, ya ce ai tsakuwa tana shanye komai.

Ƙarar injinan kwale-kwale ce ta tashe ni. Na ɗaga labule, sai na ga sama fes, hazo ya tafi, wata farar tuta tana kaɗawa a kan dogon ƙarfe can wajen tashar jiragen ruwa. Na koma na kwanta, ina jin daɗi za a yi rana. Da na sake ɗagawa, mata ne tsaye a bakin filin, fuskokinsu a naɗe da ƙyalle saboda rana, da takalman roba har gwiwa. Mu kawai suke kallo. Wata 'yar akori-kura ta tsaya a bayansu, shaƙe da kombu ɗanye yana zubar da ruwa. Mai tuƙin ta sauko ta zare ƙyallen fuskarta, sai ga Chinatsu.

Kohei ya riga ni fita, da gajeren wando da silifa, yana washe baki.

"Kohei," ta ce. Muryarta ƙasa-ƙasa, har sai da na matso. "Me kake yi a nan?"

"Mun iso da wuri ne, ban so in dame ku ba, shi ne..."

"Mashanyarmu ce wannan."

A nan na san abin da muka aikata. Filin nan ba fili ba ne. Tun sanyi bai gama wucewa ba uwar Chinatsu take bin sa a durƙushe tana tsince ciyawa da hannu, don a kansa ake baje kombu, kuma a rana guda ake son ya bushe, in ya kwana ɗanye ya tashi daga kayan kirki. Hazo ya daɗe yana hana su fita. Yau ne aka ɗaga tutar da ke ba kowa izinin shiga teku, ubanta yana can yana cika kwale-kwale, ga mu zaune a tsakiyar wurin da zai shanya, da tokar gashin kifinmu da kumfar sabulu.

"Yanzu-yanzu za mu fita," in ji Genta. Ya faɗa cikin motar ya tayar, ya sa giyar baya, ya take totur iya ƙarfinsa. Tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya, suna watsa tsakuwa, suna tono baƙar ƙasa daga ƙarƙashi.

"Tsaya!" Chinatsu ta yi ihu. "Genta, tsaya!"

Ni ma ihun nake yi, ina dukan gilashi. Bai ji ba, ko ya ji tsoro ya hana ƙafarsa ɗagawa. Ya yi gaba, ya yi baya, motar ta nutse, sai muka ji ƙwas a ƙarƙashinta. Ta mutu. Can sai baƙin mai ya fara malalowa tsakanin tayoyin gaba, yana bin tsakuwar a hankali. Wata tsohuwa cikin matan ta ce "Kash."

Na kira masu hayar motar. Wata mai zaƙin murya ta ba ni haƙuri, ta ce motar da za ta ja mu daga gari za ta taso, kada mu sa rai kafin yamma. Na roƙe ta kamar zan yi kuka. Ta ƙara ba ni haƙuri.

Ina ajiye waya na ga Kohei ya fito sanye da kwat ɗin nan, har da laktaye a wuya, riƙe da kwalin alawar da ya sayo tun daga gida. Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa?" Ya ce bai san me zai yi ba kuma. Sai ga Hamaya-san, uban Chinatsu, yana tahowa daga bakin ruwa, gajere mai faɗin kafaɗa, da tawul ɗaure a ka. Ya tsaya ya dubi ramin tayoyin, ya dubi man. Kohei ya zube a kan tsakuwa ya kai goshinsa ƙasa, yana ba da haƙuri, maganar na sarƙewa.

Tsohon ya kwance tawul ɗinsa, ya sunkuya masa, ya kira shi da sunan gidansu, har da "san" ɗin da ake ƙarawa don girmamawa.

"Kai ne Nishino-san. Chinatsu tana ba mu labarinka. Tashi, tashi, za ka ɓata wandonka. Laifinmu ne da ba mu sa alama ba, baƙo ina zai sani."

Ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa wa matarsa. Sannan ya juya wajen 'yarsa, muryarsa ta canza kamar ba shi ba.

"Ke kuma kallon me kike yi, sakarya! Rana jiranki za ta yi? Sauke min kayan nan ta gefen can!"

Suka baje abin da zai baju a gefen da ya tsira, suna jan ganyen ɗaya-ɗaya, kowanne ya fi mutum uku tsawo. Wurin bai ɗauki rabi ba. Mashanyar maƙwabta kuwa duk a cike suke, kowa yau ya fita. Wata ta ɗan matsa nata ta karɓi kaɗan, saura aka tsibe shi a bakin titi aka rufa masa buhu. Kohei ya tuɓe kwat ya naɗe hannun riga ya nufi tsibin. Tun kafin ya taɓa, Hamaya-san ya sha gabansa da murmushi.

"A'a, Nishino-san, kada ka wahalar da kanka. Yauƙi gare shi, ba ya fita a tufafi. Ka huta, kun sha hanya."

Uwar Chinatsu ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar motar, ta kawo curin shinkafa da shayin sha'ir mai sanyi, ta ce mu yi haƙuri ba wani abin kirki ba ne. Muka zauna. Ban taɓa jin kunya da takaici sun haɗe min wuri guda irin na ranar ba. Ga hannuwa shida lafiyayyu, ga mutane suna gumi a gabanmu saboda ɓarnar da muka yi, kuma ba dama mu ɗaga ko tsinke. Tafiya ma ba dama, motar ta kafe. Genta da ba ya iya rufe baki na minti guda ya zauna yana tsince tsakuwa masu mai yana zubawa a leda, sai da ya gane man ya shige ƙasa fiye da tsawon hannunsa ya daina.

Da rana ta take, Chinatsu ta zo shan ruwa kusa da mu. Kohei ya miƙe.

"Ki gaya masa zan kwashe tsakuwar nan da hannuna. Zan zauna har a zuba sabuwa, ko a titi zan kwana."

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce a gode maka." Ta goge bakinta da bayan hannu, idonta ja. "Ka bari, Kohei. Ba yau ba."

"To yaushe?"

Ubanta ya ƙwala mata kira haɗe da zagi, ta ruga.

Can da rana ta fara sunkuyawa, iska ta juya. Hazon ya taso daga teku yana tahowa kamar bango. In ya sauka a kan busasshen kombu, aikin yini ya tashi a banza. Gaba ɗaya gaɓar ta ruɗe, kowa na tattara nasa, ba mai taimakon wani. Hamaya-san ya waiga yana neman hannu, idonsa ya faɗa kaina da kan Genta.

"Ke mai gajeren gashi! Kai ma dogon banza! Gumaka ne ku? Ku kama nan!"

Ni da Genta muka zabura. Wallahi daɗi na ji. Na rungumo ganyen yadda na ga dama, ya daka min tsawa ya ce ta kai ake ɗauka, raguwa kawai, ko a jami'ar ba a koya mana amfani da ido ba. Ya ce da Genta in ya karya masa guda sai ya karya masa ƙafa. Muna gudu muna kaiwa rumfar ajiya, ana zaginmu, Genta har dariya yake yi. Mutumin nan haka yake magana da matarsa da 'yarsa da maƙwabtansa, duk wanda ya ɗauka nasa ne.

Kohei ya biyo mu da gudu, ya sunkuya zai ɗauka. A cikin wannan gaggawar, hazo na shafar fuskokinmu, Hamaya-san ya tsaya cak, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya sunkuya.

"Nishino-san, don Allah ka zauna. Mun kusa gamawa."

Kohei ya koma ya tsaya jikin motar. Ban iya kallon wajen ba.

Mun tsirar da wanda ya bushe. Tsibin bakin titi kuwa ya riga ya yi zafi a ciki ya fara wari, tsohon ya ɗaga buhun ya duba ya mayar. Motar da za ta ja mu ta iso, aka ɗaure tamu aka finciko ta, ta bar rami baƙi ƙirin a tsakiyar mashanyar. Hamaya-san da matarsa suka rako mu har titi. Ya ce da Kohei ya gaida iyayensa, ya mai da hankali ga karatu, a sauka lafiya. Zancen zaman da aka shirya na yamma ba wanda ya tayar. Chinatsu ba ta fito daga rumfa ba.

Muka matsu mu uku a gaban motar ja, kusa da direba, hannuwana na warin teku. Mun yi nisa da ƙauyen. Sai Kohei ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Fumika, me ya ce miki ɗazu, da kika ɗauka ba daidai ba?"

"Raguwa ya ce min."

"Sai kuma me?"

"Wai ko ba a koya mana amfani da ido a jami'a ba."

Ya gyaɗa kai, ya jingina goshinsa da gilashi.

"Da ƙarfi ya faɗa, ko?"

Na ce masa e, da ƙarfi.