Ƙafafun da Baba Danna Ya Ɗauka

"Kar ka kuskura ka yanke wurin nan," in ji tsohon daga kan gado. "Ina kallon yatsanka."

Mai Rediyo ya janye hannu daga kan kwamfutar kamar wanda ya taɓa garwashi. Yau kwana tara ke nan yana rufe shagonsa na gyaran rediyo da hantsi, ya tsallako gidan maƙwabcin nasa da kwamfuta a hammata. Kaset ashirin da shida ne na tsohuwar kyamara za a juye su a faifai. Likita ya riga ya faɗi abin da zai faɗa a kan zuciyar tsohon, shi kuwa ya ce ya ji, amma ko da igiya za a ja shi ba zai kwanta asibiti ba sai faifai ya fito.

"Baba, ba ni ba ne," in ji Mai Rediyo. "Manhajar ce ta sa wa wurin alama. Ta ce babu kowa a ciki, hoton kuma yana rawa."

"Ita manhajar tana nan lokacin da aka ɗauka?"

"A'a."

"To ta yi shiru."

Gaskiya manhajar ba ta yi ƙarya ba. Duk layin nan an san yadda tsohon ya samo sunan Baba Danna. Kyamarar maɓalli ɗaya gare ta, ja, shi ne na farawa, shi ne kuma na tsayawa, kuma shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa riƙe wanne ne wanne ba. Sai ya ɗaga kyamara ya saita, ya danna, ashe kashewa ya yi. In an gama abin da ake yi ya sauke hannu ya sake dannawa, a nan za ta fara ɗauka. Marigayiya matarsa ta yi ta yi masa ihu, "Danna mana! Danna!" har sunan ya bi shi. Saboda haka fiye da rabin kaset ɗin nan babu komai sai siminti, gefen tabarma, ƙafar kujera, da ƙafafun mutane suna kai da kawo.

Mai Rediyo ya so ya rage masa aiki ne kawai. Kyamarar ma ta tsufa, jiya ta tauna kaset guda sai da ya zaro zaren da tsinke ya naɗe da biro. Kowane kaset kuma sai ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe kafin ya shiga kwamfuta, ba ya karɓar gaggawa. Shi kuma yana jin yadda numfashin tsohon yake ƙara gajarta, abin yana cin ransa.

Ana cikin haka sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Injiniya ne, babban ɗan tsohon, ya shigo da makulli a hannu. Ya gaida mahaifinsa, ya leƙa allon kwamfutar, ya ga siminti.

"Malam, wannan ne aikin kwana tara?"

"Shi ne."

"Haba Baba! An tanadar maka gado tun shekaranjiya, kai kana nan kana kallon ƙasa. A tsince wuraren da fuskoki suka fito, a ɗora ɗan kiɗa mai taushi a kai, a gama yau. Wa zai zauna kallon takalma?"

Tsohon ya yunƙura ya jingina da bango. Mai Rediyo ya miƙa hannu zai taimaka masa, ya ture hannun.

"Kiɗa? A kan muryar uwarka za ka ɗora min kiɗa?"

"Ba haka nake nufi ba. Kuskure ne ka yi, ana so a rufa maka asiri."

"Kuskurena ne, ba na aro ba. Ni na ce maka asirina a buɗe yake? Gadon asibiti kuma ka ce su ba wani, ni ina da nawa."

Injiniya ya juya wajen Mai Rediyo, ya sassauta murya kamar tsohon ba ya ji. "Malam, kai ne mai hankali a ɗakin nan."

"Ni ɗan aike ne," in ji Mai Rediyo. "Mai kaya ya ce kar a taɓa."

Injiniya ya yi tsaki ya fita. Tsohon ya bi ƙofar da kallo, sannan ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Zuciyar uwarsa ya ɗauko. Kai maƙwabci, in na riga faifan nan tafiya, amana na ba ka. Ko daƙiƙa ɗaya."

"Ba inda za ka, Baba."

"Ka ji ka da zancen likitoci. Sa na gaba."

Ya riga faifan tafiya kuwa. Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, kaset na ashirin da biyar yana cikin tafiya, Mai Rediyo ya juya zai tambayi tsohon ko a ƙara murya, ya ga kansa ya karkata a kan matashi, gilashinsa ya zamo kan hanci. Ya kira shi sau uku. Ya gyara masa gilashin, shi kansa bai san dalili ba, sannan ya fita tsakar gida ya kira mutane. Da ya dawo ɗakin ya tarar kaset yana ta tafiya, bai kashe ba.

Bayan kwana huɗu, da gida ya ɗan lafa, Injiniya ya same shi a shago. Idanunsa sun faɗa.

"Malam, ƙannena suna son faifan kafin su koma. Ka yanke shirmen nan, ka bar mai kyau. Ba na son jikokinsa su riƙa yi masa dariya."

"Ba zan yanke ba."

"Mahaifina ne fa."

"Na sani. Ni kuma maƙwabcina ne, shekara goma sha tara katanga ɗaya. Ga kaset ɗinku nan a kwali, ka kai wa wanda ka ga dama ya daddatsa. Amma wanda ya fito daga hannuna, yadda mai shi ya ce haka zai fita."

 Mai Rediyo ya zaro faifan daga aljihun tebur, ya tura shi a na'urar da ke ƙarƙashin wata talabijin da aka kawo gyara, ya tsallaka zuwa kaset na ƙarshe, wanda tsohon bai kai ga gani ba.

"In ka kalli wannan ka ce a yanke, to ka ɗauki kwalinka."

Siminti ya fito a allo, yana lilo. Ga silifas shuɗi na mace ya wuce, ya dawo. Sai murya, a sarari kamar tana bayan ƙofar shagon: "Yanzu dai na san ka kashe ta lokacin da yaron yake tafiyar. Mutum sai ka ce da gangan!" Wata murya ta namiji ta amsa daga sama, tana dariya, "Ya sake yi mana, ai ƙafafun nasa ne."

Injiniya ya ajiye makullin motarsa a kan teburin a hankali. Muryoyin iyayensa ne, yaron da suke nufi kuwa shi ne.

Daga gefen allon wasu ƙananan ƙafafu suka shigo, babu takalmi, suna tangaɗi. Taku ɗaya, biyu, uku. Suka iso wajen manyan ƙafafun mai riƙe da kyamarar, masu faso a dunduniya, suka hau kansu suka tsaya, 'yan yatsun suna damƙe fatar. Manyan ƙafafun suka fara takawa sannu sannu, suna ɗauke da ƙananan.

Mai Rediyo ya jawo benci da ƙafa ya tura bayan Injiniya, shi kuwa ya zauna bai waiwaya ba. Wata mata ta leƙo da rediyo a hannu, Mai Rediyo ya yi mata alama ta dawo anjima. A allon, silifas shuɗin ya matso ya tsaya kusa da su.