Albishir Biyu a Baki Guda

…kuma sunana duka ya hwaɗi, Hawa'u Kulu Alƙasim, bai yi tuntuɓe ba! Na samu. Na samu burs! Wayyo yatsana — dutse — bari, ba ya ciwo, yau ba abin da ke ciwo. Ku ji, awaki, ku ji, gawo: Kulu za ta jami'a, can birnin Tawa, gwamnati ta ɗauki nauyinta! Ɗaki a site, gidan kwanan ɗalibai, abinci a resto, ɗan na sabulu a hannu. Ba a saida akuyar Inna. Ba a kiran yayana Hamisu can Libiya a yi mashi murya ƙasa-ƙasa kamar masu bara. Baba da bakinshi yac ce, in gwamnati ta ɗauka ki tahi, ni rumbuna bai iya ciyar da baki a Tawa. To ga shi, Baba! Ta ɗauka!

Numfashi, Kulu. Gangara a hankali, kar talho ya hwaɗi. Tun hantsi nike bisa tudun nan, hannu sama kamar mai kiran ruwa, don nan kaɗai rezo ke kamawa a garinmu. Sai ga shi ya yi ƙara. Mushe Isaka, surbeyan, malamin da ke kula da mu a lise, makarantarmu ta Buza. "Kulu, kina tsaye ko kina zaune?" Ni da ke tsaye da ƙahwa guda bisa dutse!

Albishirinki, Inna. Ta ce goro. In ce hwari ko ja? In ja mata rai kaɗan, in bari ta aje taɓarya… sa'an nan guɗa. Guɗar Inna har Allakai ake jinta. Matan unguwa su cika gida, Tsoho mai shago ya aiko da alawa, a ce ɗiyar Alƙasim, ɗiyar Alƙasim —

Da ma nan Mushe ya tsaya.

Mi ya sa bai tsaya nan ba? Mutum ya ba ka zuma, sai ya bari ka haɗiye mana. A'a. "Sa'an nan ki ruga gidan su Zulaihatu, talhonta ba ya shiga. Ita burs ta waje ta samu. Maroko."

Maroko.

Zulai. Taubashiyata, ɗiyar Gwaggo Laraba, wadda ta jehwa talhonta cikin rijiya tana dariya da guga a hannu. Ko talho ba ta iya riƙewa ba, ita za ta riƙe tikitin jirgi? Madalla. Madalla mana, jinina ce, ina murna. Ga shi ina murna. Wa ya ce ba ni murna?

Ni motar kar, ita jirgi. Ni in na leƙa tagar site in ga jakuna irin namu da garwar ruwa irin tamu, ita teku. An ce can sanyi har hayaƙi ke hita bakin mutum. Za ta saka doguwar riga mai gashi a wuya, ta tsaya gaban wani gini hwari, ta ɗauki hoto da wushiryar nan tata, a riƙa yawo da shi gida-gida. Kun ga Zulai? Kun ga lokotoro, mai duba marasa lahiya? Kulu hwa? A, Kulu na nan Tawa, jiya ma an aika mata da garin hura ta hannun direba.

Tawa. Ɗazu-ɗazu sunan nan ya cika mini baki. Yanzu… Tawa, inda ake kai albasa.

Mushe ya ce: "Ta kama motar kasuwa yau, ta kwana Buza, gobe Yamai. In Alhamis ta yi ba ta kai takardunta ba, wanda ke bi mata za a ba." Kuma ni, bakin nan nawa, kahin in kama shi: Mushe, wa ke bi mata? Shiru. Rezo ne ya yanke ko shi ne ya yi shiru? Ya ji? Ya Allah ya sa bai ji ba. Mi ya kai ni? Ai na san ba ni ba ce. Wani ne can Madawa ko Keita, wanda ko sunanshi ban sani ba. Ko ta rasa ba ni za a ba.

To mi nike lissahi?

Tsallake jerin duwatsun — su Inna sunka jera su da ka, tun ina goye, don ruwa ya bar cinye gona. Hatsi ya hi ni tsawo bana. Ba mai ganina cikin nan. Ba wanda ya san Mushe ya kira, sai ni da gawo.

Shekarun Buza… ni gidan mutanen da ba su san ubana ba sai a kasuwa. Kulu ɗebo ruwa, Kulu wanke tukunya, Kulu yaron na kuka. In buɗe kaye, littahin rubutuna, ido na rufewa. Ita gidan ƙanen babanta, da lantarki, da katihwa, har da mai tashinta ta sha kunu. Ta zo kalas da shatin matashi a kunci, ta ce Kulu-kwana-da-kaye, ara mini in gani. In ara mata. Kayena! Rubutuna, da jan bik, da layin da na ja ƙarƙashin abin da za a tambaya. Ta duba sau guda tana cin gyaɗa, ta maido da ɓawo a ciki. A raba takardu: ita sama, ni ƙarƙashinta. Kullum ƙarƙashinta, kamar faifai da tukunya. Kan nan nata wa ya ba ta? Ni na roƙa, na yi azumi, na sha rubutu har haƙorana sunka yi baƙi. Ita ko roƙo ba ta yi ba.

Astagfirullah. Rabo ne. Inna ta ce mai hassada shi ke hura wutar wanda ya tsana. Ban tsane ta ba! Ranar da zazzaɓi ya kada ni ana gobe jarrabawa, wa ya goyo ni har likita, tana zagina duk hanya, wai na hi buhun albasa nauyi? To. To! Ai shi ne. Ko wannan ita ke da shi. Ko alherin ma nata ya hi.

Ga mararraba. Dama gidanmu, hagu gidan Gwaggo.

In na hwara hagu, shi ke nan. Gwaggo ta yi guɗa, gari ya kwashe can, Inna ma ta yafa zane ta bi su. Can cikin hayaniya wata ta juyo: ke hwa Kulu? Na samu ta Tawa. A, to, Allah ya sa albarka, miƙo mana tabarmar can. Ragowar guɗa. Kanzon tukunya. Shekara nawa ina daka ranar nan a raina, in ci ta da ɗumi?

In na hwara dama… Inna ta yi tata guɗar, mata su zo, a jiƙa hura, a yi ta. Yini guda. Yini guda tak nawa ni kaɗai, ya yi yawa? Motar kasuwa bayan la'asar take tashi, in ta wuce sai wani mako. Ba ƙarya za ni yi ba. Wa ya ce ƙarya? Mantuwa. Murna ta ɗauke mini hankali. Ko rezo — rezo ya yanke, ban ji ƙarshen maganar ba, wa bai san rezon garin nan ba? Kowa zai yarda. Zulai ce ma za ta hwara yarda.

Inuwa ta hwara tsawo. Ladan bai kira ba tukuna. Ko ya kira ina bisa tudu?

Sai mu tahi Tawa tare, ai ba ta rasa burs ta gida. Ɗaki guda, tabarma guda, ta ci gyaɗa bisa kayena. Mi ya ɓaci? Wa ya mutu? Ba ta san da Marokon ba balle ta yi kewarta. Abin da ba ka sani ba —

Zulai.

Ga ta nan tahe ta hanyar gona, damin harawa a ka, zane a ɗage. Ban zaɓa ba, ban ko zaɓa ba tukuna! Huskata, gyara huskarki, Kulu… ta gani. Daga nesa ta gani. Ta yar da damin. Tana gudu, takalmi guda ya tsinke, ba ta tsaya ba.

"Kin samu! Shegiya Kulu-kwana-da-kaye, kin samu!"

Na ɗaga kai kawai. Guɗa cikin kunnena, wuyana za ya karye, warin ganyen wake da zuhwa. Tana juya ni, tana tsalle, tana kuka — kuka take, da hawaye na gaske. Bari in ga idonta. Bari in duba da kyau. Ko ɗan tsinke, ko ɗan abin da ke sukar mutum in ɗan'uwanshi ya samu shi bai ji nashi ba… tun daga tudu shi nike so in gani, ashe. Shi na rugo nema.

Babu. Wallahi babu. Wanke tas kamar ƙwaryar nono.

"Ni Mushe bai ce komi ba ko?" Tana share hanci da bakin zane. Kahin in motsa leɓe ta rufe mini baki da tahinta. "Bari, kar ki hwaɗa. Nawa ya jira. Yau ranarki ce, mu tahi wurin Inna."

Ranata. Ta ba ni. Har ranar ma sai da ta bi ta hannunta.

Tana jana dama. Hannunta da ɗumi, ƙahwahuna na binta. Can wajen kasuwa direba ya danna oda, doguwa, ta kiran masu tahiya… Zulai. Zulai, tsaya. Na hwaɗa ne, ko cikin kaina kawai? Ba ta juyo ba.

Na gaji. Gudun nan duka, kuma ban isa ko'ina ba…