Ƙofar Gaban Inna Dorcas

Tun da aka mai da gidan mahaifinta gidan tarihi, Inna Dorcas Hillier ba ta taɓa fashin buɗe shi ba. Ai ya cancanta. Gidan katakon nan a kan ganguna aka jawo shi ta teku, shekarar da gwamnati ta tashi mutanen tsibiri ta zube su a Gannet Cove, ita kuwa tana 'yar shekara tara, zaune a tagar bene rungume da kyanwa. A ciki akwai ƙararrawar wani jirgi da ya nitse, da butar shayin da ko ɗigo ba ta zubar ba duk tafiyar, in ji Dorcas. Ba kuwa mai ƙaryata Dorcas ya kwana lafiya.

Baƙi ne dai babu. Garin kam suna zuwa mota-mota, kallon duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku, amma shekara uku ko mutum ɗaya bai tako gidan tarihi ba.

Hedley Rideout, shugaban majalisar gari, ya same ta a kicin yana ta murza hula.

"Inna, in rani ya fita ba baƙo, masunta na son wurin ajiye taru. Ba ni na ce ba, majalisa ce."

"Majalisar ai kai ne da surukanka biyu. Ni na yi rainonka, Hedley, tun kana fitsarin kwance."

Ya fita ya bar ta. Gidan nan shi ne duk abin da ya rage mata na tsibiri, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ranar Laraba ta zagaya gaban gida cire ciyawa, sai ga wani mutum da matarsa. Mijin ya yi ɗage yana ƙwanƙwasa ƙofar gaba, wadda ko matakala ba ta da ita.

Ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Baba. Gidan tarihi muka zo gani. Jiya ma mun tarar a rufe."

"A rufe? Tun bakwai ƙofa take buɗe."

"Wace ƙofa?"

"Ta mutane mana. Ta baya."

Suka dubi juna, suka ce mota na jiransu, sai gobe. Dorcas ta yi tsaye da ciyawa a hannu. Ashe duk shekarun nan bayin Allah a nan suke ƙwanƙwasawa, ita tana can baya tana ce musu masu girman kai. To wa zai yi zato? A Gannet Cove mai rai ba ya bin ƙofar gaba, ba a buɗe ta sai za a fitar da akwatin gawa. Tata rabonta da buɗewa tun ranar da aka fitar da mijinta Ambrose, shekara goma sha ɗaya, har fenti ya liƙe ta.

Da safe ta ɗauko wuƙar fiɗar kifi ta tsaga fentin. Ta kifa akwatin kifi a madadin matakala, ta bar ƙofa wangale, ta hau bene shara don kada ta tsaya tunani.

Ba a yi rabin sa'a ba ƙararrawar coci ta fara kaɗawa. Mata suka yi ta shigowa da tukwanen miya, fasto na biye, duk ta ƙofar baya. Hedley ya tsaya tsakiyar falo cikin baƙar kwat, majina shaɓe-shaɓe.

"Ni na kashe ta da maganar taru. Na rantse gaban kowa, muddin ina numfashi ba mai taɓa gidan nan."

Dorcas ta sauko da tsintsiya a hannu. Wata ta saki tukunya.

"Inna, ashe ba ki..."

"Ban mutu ba. Amma ka riga ka rantse, ga kuma fasto ya ji. Share hancinka."

Sai ga baƙin jiya sun taka akwatin kifi sun leƙo. Ganin falo cike da baƙaƙen kaya, matar ta ja da baya.

"Yau ma ba a shiga?"

Dorcas ta dafa ƙofar.

"Ana shiga, 'yata. Ku ne na farko da suka bi ta nan da ƙafarsu."