Sabon Jeri a Kantin Baba

Tun da katafaren kantin nan ya buɗe a bakin babban titi, masu ƙananan kantuna suka shiga uku. Da suka ga ba sarki sai Allah, sai suka haɗa kai: kowa da kantinsa da makullinsa, amma suna ɗaya a allo, sari tare, mota ɗaya ke raba musu kaya. Auta ta nemi shigar da kantin mahaifinta, don ciniki ya ja baya har madara kan lalace a firiji. Aka karɓe ta da sharaɗi guda: jerin kaya iri ɗaya ne a duk kantunan haɗakar, yadda mai saye ko ina ya shiga ya san inda sabulu yake.

To, nan fa ake yin ta. Baba ya daɗe da rasa ganinsa, amma kantin nan a tafin hannunsa yake. Shi ya jera shi, jeri na ganin dama: ashana kusa da sukari, man takalmi a ƙarƙashin biskit, dalili kuwa sai shi. Ka ce gishiri, ya miƙe ba sanda ba lalube, ya dire maka. A gida sai an ja shi, a kanti shi ke jan mutane. Auta ta san ranar da aka taɓa jerin nan an raba Baba da abin da ya rage masa. Tsoro ya hana ta faɗa masa, kullum sai ta ce gobe.

Ranar juyi, kamar yadda haɗakar ta saba, masu kantuna suka rufe nasu suka zo taya aiki. Dogo, shugabansu, mutum ne mai gaggawa kamar ya bar tukunya a wuta. Kafin a gama gaisawa an kwashe kanta guda.

Wata mata ta leƙo tana neman ganyen shayi. Baba ya miƙe yadda ya saba, ya miƙa hannu, hannun ya sauka a kan katako wayam. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya laluba bango, abin da bai taɓa yi a nan ba, ya fita ya zauna a benci.

Wallahi Auta ji ta yi kamar ta nutse.

"Ku mayar da komai," ta ce wa Dogo. "Na fasa."

"Haba ƙanwata! Kin san ba za ki kai ƙarshen shekara ke kaɗai ba."

"Na sani. Gara kantin ya mutu da in kashe Baba da ransa."

Gwaggo, wata dattijuwa mai kanti a bayan tasha, ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Kai Dogo, doka ta ce a jera kaza a wuri kaza. Ta ce lalle da hannunka?"

Ta fita wurin Baba. "Yaya, taso. Mu 'yan miƙo ne yau, kai ne mai jeri."

"Ku da kuka zo rushe ni?"

"In mun rushe ka, wa zai riƙa yi mana faɗa? Taso, rana na yi."

Da ƙyar ya taso. Aka koma aiki a kan sabon tsari: Dogo ya faɗi wuri, Auta ta ɗora hannun Baba a kai, a miƙo masa kaya ɗaya bayan ɗaya ya ajiye da kansa. Aikin safiya ya kai su yamma. Dogo na ta duban agogo yana tsaki, Baba na ta mita.

"Wane mara aikin yi ne ya raba ashana da sukari?"

"Kwamitin haɗaka ne, Baba."

"Allah ya shirya kwamiti."

Kwanakin farko ya sha kuskure, har ya taɓa ba wani garin sabulu a maimakon gishiri, aka yi ta dariya har da shi. Sannu a hankali hannun ya gane hanya. Motar haɗaka ta fara tsayawa a ƙofa, masu saye suka fara dawowa.

Wata rana Auta ta raka shi su yi wa Gwaggo godiya. Tana riƙe da hannunsa har bakin kantin, wurin da bai taɓa takawa ba. Gwaggo na can ciki tana fama da mai saye, ta ɗaga murya: "Wa zai miƙo min sukari?"

Auta ta ji Baba ya zame hannunsa daga nata. Ya shiga, ya wuce kanta ta farko, ya karya dama, ya ɗauko sukari. Sai a lokacin shi kansa ya gane abin da ya yi. Ya tsaya cak da ƙunshin a hannu.

"Auta, duk kantunan naku haka suke?"

"Duka, Baba."

"To gobe ki kai ni na Dogo," ya ce. "Ina da magana da kwamiti."