Kibod Mai Gindin Tagulla

Kibod ɗin kwamfutar bai sauka a kan teburi ba, a goshin Injiniya ya sauka. Madannai suka watse a ƙasa kamar an zubar da wake, jini ya biyo girarsa ya ɗiga a gilashin tabarau.

"Ga tarkacenka nan," in ji ƙanensa, wanda 'yan wasan kwamfuta ke kira Guguwa. "Robar banza. Ina dannawa tana lanƙwashewa."

"Dannawa ka yi ko naushi?"

Guguwa ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da kantar shagon, gwangwanin sukurori ya kife. Injiniya ya sa gwiwar hannu ya daki haƙarƙarinsa, suka zube tare a kan wayoyi. Ƙatti biyu masu gemu, abin kunya. Sai da Inna ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shagon da gida suka saki juna.

"Ku ƙarasa kashe kanku in huta," ta ce, ta koma.

Guguwa gwani ne, ko maƙiyinsa bai musu. Hannunsa na hagu, mai gudu a kan madannai, shi ne duk arzikinsa, kuma wata babbar ƙungiya ta ce in ya ci gasar da ke tafe za ta ɗauke shi. Amma yana da mugun hali. Da zarar an cinye shi sai ya kai wa kibod naushi, kuma da yake hannun dama na riƙe da linzamin kwamfuta, da hagun yake kaiwa. Yayansa ke haɗa masa kibod da hannu, shi kuma yana fasawa.

Injiniya ya zauna aiki da filasta a goshi da baƙin ciki a rai. Ya sa aka sassaƙa masa gidan kibod daga dunƙulen alminiyam, ya yanko faifan ƙarfe mai kauri na riƙe madannai, ya ɗaure tagulla a gindi. Kowane madanni ya buɗe shi, ya shafa wa sifirin, 'yar wayar da ke mayar da shi sama, man giris da ɗan burushi, ya liƙe ƙafafunsa da dalma. A ƙa'ida yakan sa 'yan sirara na roba tsakanin faifai da gida, don kibod ya ɗan risina in an matsa. Wannan karon ya dube su, ya mayar da su durowa, ya ɗaure ƙarfe a kan ƙarfe.

Inna ta zo kawo masa shayi, ta gwada ɗaga kibod ɗin, ta ajiye.

"Wannan ai dutsen niƙa ne. Ka san halin ƙanenka fa."

"Shi ya sa, Inna. Wannan ba zai fasu ba."

Guguwa ya so shi tun dannawar farko. Sautinsa mai nauyi, babu girgiza, babu lanƙwasa. Bai ce na gode ba, ba ya cikin ɗabi'arsa, amma ya rungume shi zuwa zauren gasa kamar jariri.

Da rana tsaka ya riƙa kakkaɓe abokan karawa ɗaya bayan ɗaya, Injiniya na tsaye a bayansa cike da alfahari. A wasan ƙarshe aka cinye shi zagayen farko. Zagaye ɗaya kacal, da sauran dama a gaba. Injiniya ya ga kafaɗar Guguwa ta hagu ta ɗaga. Ya buɗe baki, naushin ya riga shi.

Ƙarar ba irin ta roba ba ce. Teburin ya girgiza, kibod ɗin ko motsi bai yi ba. Bayan hannun Guguwa ya lotsa, ƙashi ya huda fata ya leƙo fari, yatsu biyu suka karkace gefe. Don taurin kai ya mayar da hannun kan madannai zai ci gaba, jini na malala tsakaninsu. Yatsun suka ƙi bin umarni. Sai a lokacin ya yi ihu.

Likita ta ce ƙashi zai haɗe, amma yatsun nan biyu ba za su sake saurin da ba. Ƙungiyar ta ɗauki wanda ya ci.

Injiniya ya dawo da kibod ɗin shago, ya ɗora a benci, ya ɗauko guduma. Ya yi ta maka har madannai suka tarwatse, har kafaɗarsa ta gaji, yana kuka yana zagi. Gidan kibod ɗin ya ɗan ƙwarzane, shi ke nan. Da ya jona waya, fitilun ciki suka kama reras.

Guguwa na tsaye a bakin ƙofa, hannu naɗe a ƙirji.

"Bar shi, Yaya," ya ce a hankali. "Ni na ce kada ya lanƙwashe."