Haɓa a Kan Katako

Shekara talatin Tushe ya yi yana kaɗa jitar bes, mai kaurin murya ɗin nan da ke riƙe kiɗa daga ƙasa, kuma daga nan abokan sana'a suka laƙaba masa sunan. Yanzu ya ajiye, sai labari. Cikin 'ya'yansa biyar Auta ce kaɗai ta gado shi. Tana aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti da jitar aro, kuma duk waƙar da ta haɗa sai ta kawo masa ya saurara, ya ce a gyara nan, a bar can.

Abin da ya ɓoye mata shi ne kunnen ya fara tafiya. Na dama ya daɗe da yin sallama, na hagu kuma sai ƙara yake kamar an bar famfo a buɗe. Magana yana tsinta daga leɓe, amma kiɗa ya zame masa gunji kawai. Da gyaɗa kai da "ba laifi" ya yi ta rufa wa kansa asiri. Ba kurumtar ce ke ba shi tsoro ba kamar ranar da Auta za ta gane, ta daina tambayarsa.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wata safiya ta zo ta ce za ta sayi jitarta ta kanta, kuma ba za ta taɓa ko ɗaya ba sai wadda ya zaɓa. Ya kawo ciwon gwiwa, ya kawo zafin rana. Ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa.

Shagon dogo ne siriri, jitoci rataye a bango jere-jere, wayoyi a nannaɗe kan ƙusa. Mai shagon mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar wa kifi ruwa. Ya sauko da wata ja mai sheƙi, ya yi ta yabon fentinta. Tushe ya karɓa ya ɗaga ta daidai ido, ya leƙa tsawon wuyanta ko ya karkace, ya shafa gefen ƙarafan da ke jere a wuyan ko akwai mai yankan hannu, ya rataya ta a kafaɗa ya ga kan yana rinjaya ƙasa. Duk wannan aikin ido da hannu ne, ya yi shi da isa, har mai shago ya rage surutu.

Sai aka zo wurin ji. Mai shago ya jona waya, ya zauna kusa da ƙaramar lasifika, ya shiga kaɗawa. Tushe ya kafa wa yatsunsa ido, ya karkata kai irin na gwanaye, ya ɗan lumshe ido, ya ce muryar tana da kauri, sai dai ta cika ƙara a sama.

Ya buɗe ido ya ga Auta ta sunkuyar da kai. Mai shago kuwa ya tsaya da hannu a kan tsirkiya, yana kallon bango. Tushe ya bi inda yake kallo. Filogin lasifikar na nan kwance a ƙasa, ba a ma sa shi a wuta ba.

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mai shago, Allah ya yi masa albarka, ya tuna wai yana da saƙo a bayan kanti, ya sulale.

"Kunnen ya tafi, Auta," in ji Tushe. "Ya fi shekara biyu."

Ta matso ta gefen hagunsa, ta yi magana a hankali yadda zai ga bakinta. "Na sani, Baba. Kowa a gida ya sani."

"To don me kika jawo ni nan?"

"Kunne ina da shi. Abin da zan saurara ne ban sani ba."

Ransa ya sosu, amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Sai ya tuna wata dabara ta zamanin da suke gwada jita a shagunan da babu wuta. Ya ce ta cire wayar gaba ɗaya, don lasifika takan yi wa jita ƙarya, katako kuwa ba ya yi. Ya ɗora jar a cinya, ya duƙa ya manna haɓarsa a kan ƙahon jikinta, wato tsinin katakon da ya fito ta sama, ya fizgi tsirkiya mafi kauri. Rawar ta bi ta muƙamuƙinsa ta shiga kai, sannan ta mutu nan take. Ya ce kyan ɗan maciji ne, a mayar.

Mai shago ya dawo ya tarar da dattijo yana bin hajarsa da haɓa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki, Auta ta harare shi, ya rufe. Wata baƙa ta yi zizar banza a tsakiyar wuya. Wata mai tsirkiya biyar ta yi kyau, amma wuyan ya fi ƙarfin tafin hannun Auta. Can ƙarshen layi akwai wata launin ƙasa, ba ado, har da ɗan ƙwarzane a gefe. Da ya fizge ta, sautin ya zauna a ƙashinsa ya ƙi tafiya. Ya bi wuyan gaɓa-gaɓa har ƙarshe, ko'ina haka.

Ya ce wannan ce. Ya miƙa mata, ya gyara mata tsawon igiyar ratayawa da hannunsa, ya ce yanzu sai ta sa a wuta ta ji da kunnenta, shi nasa ya ƙare.

Ba ta sa ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta tura masa ƙahon jitar, ta ce ya mayar da haɓar. Ya ji nauyin mai shago, amma ya duƙa, furfurarsa tana gogar kafaɗarta. Ta fara kaɗa waƙar da ta kawo masa watan jiya, wadda ya ce mata ba laifi alhali bai ji komai ba.

Ga ta nan kuwa, tana tafiya a cikin kansa, kowane bugu daban. Yarinyar ta iya, ta ma fi shi hannu mai taushi. Idonsa ya cika, hawaye ya ɗiga a kan katakon da ba a riga an saya ba. Bai ɗago ba sai da ta kai ƙarshe.

"Yaya, Baba?"

Ya share fuska da hannun riga. "Kina sauri a baiti na biyu."

Ta yi dariya, ta gyara zama, ta ce to ya duƙa su sake daga farko.