Dunƙulen Shinkafar Malam Kurihara

Kowace sabuwar shekara, Malam Kurihara ne ke fasa busasshen dunƙulen shinkafa da hannu a makarantarsa ta karate da ke Japan, don al'ada ta hana a sa masa wuƙa. Bana kuwa tsufa ya rage wa hannun ƙarfi. Matarsa Fumie ba za ta iya kallonsa ya kasa a gaban ɗalibai ba, sai ta faki ido ta tsattsaga gindin dunƙulen da guduma.

Bugu ɗaya Malam ya yi, dunƙulen ya tarwatse, ɗalibai suka yi ta tafi.

Da ta miƙa masa kunun jan wake, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohuwa, bana kin yi ganganci. Bara kin fi iya ɓoyewa."

Kunya ta kama ta. Ta ce, "Sha kafin ya huce."